Geron da Ake Kira Ɗan Dabo

Sunansa na yanka Usmanu, amma da yake sunan kakansa ne, ba mai faɗarsa a gidan. Nababa ake kiransa tun yana goye. Ya tashi a Tudun Mati, wani ƙauye kusa da Ɗambatta, inda gonaki suka matsu har in mutum ya yi atishawa a gonarsa, maƙwabcinsa ne ke yi masa addu'a. A can babu daji, babu saura. Duk ƙasar da ka taka wani ya gada, kuma yana da 'yan'uwa da ke jiran a raba.

Mahaifinsu ya rasu Nababa yana firamare. Yayansa Dabo, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, shi ya karɓi gandu. Ba a raba gonar ba. Kowa ya yi noma a cikinta, amfani ya shiga rumbu ɗaya, rumbun da sunan gonar kuma na babba ne. Dabo bai yi boko ba, amma ya tsaya ƙanensa ya yi. Ya sayar da ragunan da yake kiwo ya kai shi kwalejin koyon aikin gona, da ya gama ya yi masa aure da Huseina, ya yanka masa sashe a cikin gida. Nababa ya sami aikin malamin gona a wani shirin bunƙasa noma. Aikin shi ne ya hau babur ya zaga ƙauyuka yana gaya wa manoma su zuba takin da ba su da halin saya.

Babban abin da ke damun geron yankin shi ne wuta-wuta, ciyawar nan mai kyawun fure da ke manne wa saiwar gero ta tsotse shi tun bai kai gwiwa ba. Nababa ya lura cewa ko a gonar da wuta-wuta ta cinye, akan sami kara ɗaya ko biyu da suka tsaya suka fitar da zangarniya kamar ba su san abin da ke faruwa ba. Ya je ya durƙusa gaban Dabo ya roƙi wani yanki na gandu ya yi gwaji.

Dabo ya ce, "Kusurwar nan ta wajen kuka? Ai ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Ɗauka."

Nan ya fara. Duk kaka sai ya bi gonakin mutane yana roƙon zangarniyar da ta tsira. Da damina ya shuka su a kusurwar, in sun fara fure ya rufe wa kowace kai da jakar takarda don kada garin furen wani gero ya sauka a kanta. Masu wucewa suka sami abin hira. Aka ce malamin gona ya fara ɗinka wa gero hula, saura riga da wando. Wata rana a bakin masallaci wani dattijo ya tambayi Dabo ko an kai yaron an yi masa rubutu. Dabo ya ce, "Gonata ce, ni na sa shi." Daga ranar aka koma yin dariyar a ɓoye.

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Babbar 'yarsa Kaltume, wadda aka haifa shekarar da ya fara gwajin, ta shiga sakandare kafin irin ya zauna. Gero ne gajere, mai saurin nuna, wuta-wuta kuma ba ta iya kayar da shi. Maƙwabta suka fara zuwa neman mudu ɗaya. In an tambayi mutum ina ya samo, sai ya ce daga gonar Dabo. Haka sunan ya kama, Ɗan Dabo. Ya kai Kazaure, ya kai Daura, ya tsallaka Nijar. A kasuwar hatsi ta Dawanau 'yan kasuwa suka riƙa ware buhunansa daban.

Da aka yi bikin baje kolin amfanin gona a Kano, mai gona aka gayyata. Dabo ya sa babbar riga ya karɓi kambu, aka ɗauke shi hoto, Nababa yana gefe riƙe da jakarsa. Da 'yan rediyo suka zo, gaban maigida suka ajiye abin maganarsu, Dabo ya faɗi abin da ƙanensa ya koya masa a zaure kafin su iso, ya kuma faɗe shi da kyau, don yana da murya. Ba wanda ya ƙwace wa wani komai. Da an rubuta sunan Nababa sama da na yayansa, da kunya ta hana shi fita kasuwa.

Sai shekarun wuya suka zo. Aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, taki ya zama abin da ake gani a rumfa a wuce. Masu ba shirin bunƙasa noma kuɗi suka kwashe komatsansu, aka karɓe babur, aka yi wa ma'aikata godiya. 'Ya'yan Dabo maza sun yi aure sun hayayyafa, duk a gandu ɗaya, gonar kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Geron yana yin kyau, amma bakunan sun fi shi yawa. Rumbu ya riƙa ƙarewa tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Huseina ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Kaltume, da ta sami makarantar koyon aikin jinya a Kano, ta dawo hutu ba ta koma ba.

A cikin wannan hali Khalilu ya zo. Tare suka yi kwaleji da Nababa, shi ya ci gaba da karatu har ya zama malami a wata jami'a a Kano, ana ce masa Dakta. Ya taɓa yin rubutu a kan geron ya gabatar a wani taro a ƙasar waje. Ya sami Nababa a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya.

"Mutumina, ajiye wannan ka saurare ni. Ka tuna maƙalar da na yi a kan geronka?"

"Geron Yaya dai."

"To, ka fara ke nan. Wata cibiyar bincike ce a wata ƙasa mai fama da fari irin namu, sai dai su suna da kuɗi. Sun gwada irin, ya yi musu. Suna neman wanda ya yi shi, su ba shi aiki, da gida, da albashi, ya tafi da iyalinsa."

Nababa ya ce, "Da 'yar diflomata?"

"Wannan ba ruwanta da yawan takardu. Suna da wata biza ta musamman, ta mutanen da suka yi fice a sana'arsu. Ba layi, ba jira. Abin da kawai ake so shi ne shaida cewa kai ne ka yi ficen. Kyaututtuka, abin da jaridu suka rubuta, hira a rediyo. Duk kana da su."

Da suka zauna suka baje shaidar a kan tabarma, sai ta zama ta yi yawa ma. Kambu na Alhaji Dabo. Hoton jarida na Alhaji Dabo, da hannun wani mutum a gefe riƙe da jaka. Muryar rediyo ta Alhaji Dabo. Maƙalar Khalilu kanta cewa ta yi an samar da irin a gonar Alhaji Dabo, domin a lokacin Nababa ne ya roƙe shi kada ya sa sunansa.

Khalilu ya aika wa lauyar cibiyar da komai, ya yi mata bayanin gandu iyakar iyawarsa. Matar ta ce abin zai gyaru. A haɗa ta da 'yan'uwan biyu ta kwamfuta, su yi rantsuwa, a naɗi maganarsu. Babban ya ce aikin na ƙanensa ne, ƙanen kuma ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ƙirƙira, shi ya jagoranta. In an yi haka za ta shigar da buƙatar, kuma tana da yaƙinin za a amince.

Nababa ya ɗauki kwanaki yana zagaye maganar. In ya nufi zauren Dabo sai ya ƙare da tambayar lafiyar gwiwarsa. Huseina ta gaji.

"Malam, bakin nan naka na cin tuwo ne kawai? To tuwon ma ya kusa ƙarewa."

"Ke ba ki gane ba. In je in ce masa ya tsaya gaban baƙi ya ce kambun da ya karɓa ba nasa ba ne?"

"Nasa ne?"

"Gonarsa ce."

"Ni dai na san wanda nake wanke wa riga duk damina tana warin rana. Kaltume tana ɗaki tana ninke kayan makaranta tana warwarewa. In ba za ka iya ba, ni in yafa mayafi in je."

"Kada ki soma."

Washegari ya je. Ya durƙusa, ya yi dogon bayani a kan ƙasar da cibiyar da albashin, ya ce ana so Yaya ya ba da shaida a kansa. Bai faɗi irin shaidar ba, Dabo kuma bai tambaya ba. Fuskarsa ta washe.

"Shi ne kake ta nuƙu-nuƙu? In ban ba da shaida a kanka ba, a kan wa zan bayar? Ka ce wa Dakta ya sa rana."

Ranar suka hau motar haya zuwa Kano. Dabo ya sa rigar da ya karɓi kambu da ita. A bakin ofis Khalilu ya bar Alhaji ya shiga, ya ja Nababa gefe.

"Ka gaya masa abin da zai ce?"

"Ya sani."

"Ya sani, ko ka gaya masa? To, bari. Ko ya kauce, kai ne mai gyarawa. Yau ɗaya dai, don Allah, ka buɗe baki ka ce ni. Kalma ce ƙarama, yara ma suna faɗa."

Khalilu ya jera kujeru biyu gaban kwamfuta. Dabo ya zauna. Nababa ya ja tasa baya kaɗan, domin ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da yayansa, don haka a allon rabin fuskarsa kawai ake gani. Khalilu ya turo kujerar gaba, Nababa ya sake janyewa. Lauyar ta bayyana, Baturiya ce dattijuwa mai tabarau da fara'a. Aka yi rantsuwa, Khalilu ya rantse shi ma cewa zai fassara komai yadda aka faɗa. Ta fara da Dabo, ta ce ya gaya mata wane ne ƙanensa a cikin wannan aiki.

Dabo ya gyara murya. "Dakta, gaya mata ni na raini yaron nan. A duk Tudun Mati babu mai biyayyarsa. Tun da yake bai taɓa shuka ƙwaya ɗaya ba da izinina ba. Lokacin da mutane ke masa dariya, ni na tsaya na ce gonata ce, ni na sa shi. Duk abin da na sa shi yana yi, ba ya musu, ba ya gajiya. In suka ɗauke shi ba za su taɓa jin ya ɗaga murya a kan na gaba da shi ba."

A wurin Dabo babu yabon da ya wuce wannan, kuma ya yi shi har idonsa ya kawo ruwa. Khalilu ya fassara yana kallon tebur.

Lauyar ta ce, "Wa yake zaɓar irin da za a ajiye?"

"Shi yake zaɓa," in ji Dabo, "amma ai a ƙarƙashina yake."

Ta juya ga rabin fuskar da take gani. Ta ce, a hankali, cewa tana so ya fahimci tambayar. Bizar ta wanda ya jagoranci aiki ce, mataimaki ba ya samunta, komai ƙwazonsa. Shin wannan iri aikinsa ne shi kaɗai, ko a ƙarƙashin jagorancin yayansa ya yi shi?

Nababa yana jin Turanci, kuma zai iya amsawa da shi ba tare da Dabo ya san me ya ce ba. Amma yin Turanci a gaban babba da ba ya ji kamar yin gulmarsa ne yana zaune. Ya jira Khalilu ya mayar da tambayar Hausa. Khalilu ya mayar, ya ƙara da nasa, "Ka ji dai. Ka san abin da ake so, ka san abin da ke gida."

Dabo ya waiwayo yana murmushi, yana jiran ya ji ƙanensa ya yi magana a gaban Baturiya.

Nababa ya san abin da ake so. Ya ga Kaltume da kayanta, ya ga tukunyar Huseina. Ya kuma ga farin gemun da ke gabansa da rigar da aka sa don shi.

Ya ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka yake."

Khalilu bai fassara nan da nan ba. Sai da lauyar ta kira sunansa sannan ya faɗa. Matar ta cire tabarau ta goge. Da alama ta so ta taimaka, domin ta sake tambayar ta wata hanya. Ta ce a bar maganar gona da izini. Da yayansa ba ya nan sam, da zai iya samar da wannan iri?

Tambayar ta fi ta farko sauƙi, don amsarta ba ta buƙatar tunani. Da babu Dabo babu raguna, babu kwaleji, babu kusurwar wajen kuka.

"A'a," in ji Nababa.

Aka rufe kwamfuta. Dabo ya fita yin alwala. Khalilu ya tura ƙofa ya juyo.

"Kai wane irin mutum ne? Na ɗauko maka ƙasa guda na ajiye a gabanka!"

"Ƙarya na yi?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Gaskiya biyu ce a gabanka, ka ɗauki wadda ba ta ciyar da kowa."

"Yana kallona, Khalilu."

"To ya ci gaba da kallonka. Sai ku ci kallon."

A mota Dabo ya sayi rake ya miƙa wa ƙanensa rabi. Ya ce, "Ka ga yadda na wanke ka? Matar nan har tabarau ta cire." Nababa ya ce ya gani, Allah ya ƙara girma.

Amsa ba ta daɗe ba. Khalilu ya kawo ta da kansa, ya faɗe ta a zaure gaban su biyun. Lauyar ta ce da wannan shaida ba za ta iya shigar da buƙatar Malam Usmanu ba. Amma ta lura cewa Alhaji Dabo ya cika dukkan sharuɗɗa, har da shaidar mataimakinsa a kan rantsuwa. In yana da sha'awa, cibiyar za ta duba.

Dabo ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ya ce, "To ai shi ke nan. In je, in tafi da Nababa ya riƙa yin aikin."

"Alhaji, mata da ƙananan 'ya'ya kawai ake bari su bi mutum. Ƙane ba ya ciki."

"Ƙane ba ya cikin iyali? Wace irin ƙasa ce wannan?"

Dabo ya dubi Khalilu, ya dubi ƙanensa da ke kallon tabarma, sai a lokacin abin ya iso masa.

"Nababa, don me ba ka gaya mini abin da zan ce ba?"

"Ba ka faɗi abin da ba haka ba, Yaya."

"Dakta, a sake kiranta. In ce mata ban san komai ba, ko gero da maiwa ba na bambancewa. In rantse."

Khalilu ya ce an riga an rantse sau ɗaya, kuma an naɗa. Wanda ya dawo da wata rantsuwar daban, ba za a yarda da ta farkon ba balle ta biyun. Cibiyar kuma ba za ta riƙe gurbin ba.

Dabo ya aika a ce ya gode, ba zai iya barin gandu ba. Ya cire kambun daga bangon zaure ya sa a ƙarƙashin gado, abin da bai amfani kowa ba. Huseina ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta dai ce wa Kaltume ta mayar da kayan makarantar cikin akwati, kada ƙura ta ɓata su.

Kafin damina wani ɗan garinsu ya ce ana neman mai gadi a wani rukunin gidaje a gefen Abuja. Manajan wurin bai tambayi difloma ba. Ya ce a ba shi lambar wani babba da zai tsaya wa mutum. Aka kira Dabo, ya faɗi halin ƙanensa da murya a dushe, aka ɗauki Nababa a take.

Yanzu yana can, yana da ɗan ɗaki a bakin ƙofa da kujerar roba. Abin da yake aikowa yana riƙe tukunya, bai kai na makarantar jinya ba. Da ruwan shuka ya sauka a Tudun Mati, Huseina ta kira shi ta ce yaran Yaya sun fita da sassafe sun shuka gandu.

"Wane dami suka sussuka? Akwai na iri da na ware a saman rumbu, na ɗaure da jan ƙyalle."

"Wannan ai tun watan jiya aka daka shi, Malam. Na ƙasa suka ɗiba."

Wata mota ta tsaya a waje tana danna oda. Ya ce wa Huseina yana zuwa, ya tashi ya buɗe ƙofa.